Sauron da ke Cikin Radiyon Buba

Bazara ce, irin wadda ba a taka tsakar gida ba takalmi. Ruwa ya yi nisa a rijiyoyi, masu lambu a kwari suna ban ruwa safe da yamma amma ganye na yaushi. Shekarar da sola ta cika Gure ke nan. Duk rufin da ka ɗaga kai ka duba akwai faranti a kai, har rumfunan masu shayi. Mutane na murna da haske. Mu kuwa a zaurenmu shekarar ta yi mana nauyi ƙwarai, kuma ita ce nake so in ba ku labarinta, ku da kuke zuwa yanzu ku zauna a benci kuna kallon autarmu Bintu tana danna ordinatar, wato kwamfuta, kuna ce wa junanku aikin nan ai ba wuya, na'ura ce ke yin komai.

Bari in fara gaya muku abin da muke yi, don wasunku har yau suna zaton gyaran radiyo ne kawai. 'Yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, suna ce masa filtir. Maigidana, Malam, rariya yake ce masa, mu ma haka muke cewa. Abu biyu ne a cikinta. Akwai bobin, wato wayar jan ƙarfe da aka naɗa a kan sanda. Akwai kondo, ɗan abin nan mai ƙafa biyu kamar ƙaramin gwangwani. Ba ta cin batir, ba ta da makunni. Ana sa ta a kan hanyar wuta ko a kan hanyar murya, sai ta bar abu mai kauri ya wuce, ta tsare siririn.

Ranar da Malam ya fara yi mini wannan bayani ina tankaɗe ne. Na ce, "Malam, to ai wannan ba rariya ba ce. Rariya gari take saki, ta riƙe tsaki."

Ya ce, "Tamu a juye take aiki. Tsakin take saki, ta riƙe garin."

Na ce, "Da a madafa take, da an jefar da ita."

Ya yi dariya har ya ajiye ƙarfen dalma. Amma sunan bai canza ba.

Aikina na farko na wani mai hayar lasifika ne, wanda ke kai kiɗa wurin biki da suna. Babbar lasifikarsa tana so a ba ta muryar ganga ita kaɗai, kada siririn sauti ya shiga ya dame ta. A lokacin ni faifai nake saƙawa. Malam ya shigo daga zaure da waya a hannu, ya tsaya yana kallon yadda nake jera kaba, layi kan layi ba tazara. Sai ya miƙo mini wayar da sanda. Na naɗa masa kamar yadda nake naɗa zare. Ya duba, ya warware duka, ya ce in sake, don na ja waya da ƙarfi har fentin jikinta ya kankare a wuri ɗaya. Wannan fentin da ba ku gani, shi ne ke hana layi taɓa layi. In ya kankare, bobin ɗinki ta zama zobe kawai. Na sake, ya warware. Sai da yatsuna suka koyi yadda ake riƙe waya kamar yadda ake riƙe hannun yaro a kasuwa, ba a matse ba, ba a saki ba.

Waya ba saye muke ba. Daga ƙonanniyar fanka muke ciro ta, da tsoffin taransifoma. Takan fito a murɗe, sai in zagaya ta a jikin taɓarya in ja a hankali har ta miƙe. Sandar da ake naɗi a kai kuwa, baƙar nan, daga cikin matattun radiyo take fitowa. Kada ku gan ta kamar ƙarfe ku sake ta ta faɗi, kamar gawayi take karyewa. Da farko da kyandir nake liƙe bakin naɗin don kada ya warware. Bazara ta zo ta narkar da shi a cikin akwatunan mutane. Tun daga nan da zare nake ɗaurewa, ƙulli irin na bakin buhu.

Saboda kondo na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da yara a lokacin. Kowane kondo da lambarsa a jiki, ni kuma a cikin gida nake aiki, Malam yana zaure da mutane. Kullum sai in aika a tambayo shi wanne ne wanne. Sauran mata sun je ne don su karanta katin asibiti, ni na je da kondo ƙulle a haɓar zane. Na nuna wa malamarmu wani harafi mai kama da "u" amma da jela, na ce wannan fa? Ta juya shi, ta ce ba ya cikin baƙaƙen da aka ba ta ta koyar, amma in ba ta aron kondon. Washegari ta dawo da shi, ta tambayo wani mushe, wato malami, na lise, babbar sakandare. Ta rubuta harafin a allo don ni kaɗai, matan aji suna ta dariya suna cewa Iya ta samu harafinta na kanta.

Amma duk naɗin da zan yi, kunnen Malam ne ke yanke hukunci. Ba shi da wata na'urar awo ta kirki. Zai haɗa rariya, ya kunna, ya rufe ido, ya karkata kai kamar mai sauraron kiran salla daga nesa. Sai ya ce, "A rage naɗi kaɗan." Ko ya ce, "Kondon nan ya gaji." Masu motocin da radiyonsu ke kuka in sun taka totur, masu injin wuta da ke sa lasifika gurnani, daga Bune da Gamu ake kawo masa. In ya ce abu ya yi tas, ba mai sake tambaya.

To, sai sola ta zo da nata ciwon. Akwai ɗan akwatin da ke tsakanin faranti da batir, akwai ƙananan fitilu masu araha, akwai cajar waya. Duk suna zuba wata irin ƙara a cikin wayar wuta, siririya ƙwarai, ta bi ta shiga radiyo. Mutane suka sa mata suna sauro. "Malam, akwai sauro a radiyona." Aikinmu ne sosai, don abin da rariya ke tsarewa ke nan. Malam zai haɗa, ya rufe ido, ya ce ya yi tas. Mutum ya ɗauka ya tafi. Bayan kwana kaɗan sai ya dawo, ko kuma kada ya dawo sam, ka hango shi a rumfar samarin da ke gyaran waya a bakin tasha.

Ni daga cikin gida ina jin sauron. Ya ragu, amma yana nan, can sama, kamar allura. Na ɗauka kunnena ne. Sai na lura mai radiyo ma yana ɗan yamutsa fuska, ya dubi Malam, ya dubi furfurarsa, ya ce, "Madalla, Allah ya saka." Wa zai tsaya a zauren dattijo ya ce masa ba ya ji? Nakan ce masa da yamma, "Malam, ko a ƙara naɗi a ta ɗazu?" Sai ya ce, "Don me? A ɓata waya? Ai kin ji ta." Magana yana ji sarai, kiran salla yana ji, gurnanin inji yana ji tun kafin kowa. Siririn ne kaɗai ya daina isa gare shi, shi kuma ba yadda zai san abin da bai iso ba.

Mutum ɗaya ne ya faɗa masa a fili, shi ne Buba. Bafillace ne mai shanu daga wajen Gamu, Malam kuwa Babarbare ne, ya girme shi nesa, amma kun san wasan Barebari da Fulani ba babba ba yaro. Ɗansa ya saya masa sola da batir, ya haɗa masa radiyo don ya riƙa jin inda aka yi ruwa da sanarwar dabbobin da suka ɓata. Ya kawo radiyon har da farantin da batir ɗin da akwatin, a kan jaki, karo na biyu. Tun daga ƙofa ya fara.

"Ina bawana? Fito ka karɓi sauronka, ban saya ba."

Malam ya ce, "Wa ya bar Bafillace ya shigo gari da rana? Ka goge ƙafarka, nan ba garke ba ne."

"Kunna ka ji."

Malam ya kunna, ya rufe ido. Ya ce, "Tas."

"Tas? Jikokina na toshe kunne, maraƙi na tsinke igiya, kai kana cewa tas. Wallahi kunnenka ya mutu, Babarbare. A yi masa salla a binne."

"Kai da ka kwana shekara da shekaru a gindin saniya, ai sauron a cikin kanka ya yi gida. Ko an kashe radiyon za ka ji shi."

Mutanen da ke benci suka fashe da dariya, Malam ma yana dariya. Kun ga inda abin ya lalace. Duk garin mutum ɗaya ne al'ada ta ba shi izinin faɗin gaskiyar nan, kuma shi ne mutum ɗaya da ba za a taɓa ɗaukar maganarsa da gaske ba. Buba ya ajiye mana cukun da ya kawo, ya leƙo ta labule ya ce, "Matar bawana, ki yi masa magana." Ya bar kayan ya ce zai dawo ranar kasuwa.

A ranar, bayan la'asar, Malam ya shigo ya zauna a kan turmi. Ya ce mutane sun bar shi, ba don aikinsa ya ɓaci ba, don dai zamani na son samari. Ya ce in ya sallami radiyon Buba zai ba da teburin, ya koma lambun ƙanensa a kwari ya riƙa tsaron dabino. Teburin nan shi ya ciyar da gidan nan, kuma ba mai gadonsa a lokacin. Na ce, "Allah ya zaɓa mana mafi alheri." Na ci gaba da miƙe waya.

Cikin makon nan Bintu, autarmu, ta zo hutu daga Damagaram inda take karatun lantarki. Ta zo da wata tsohuwar ordinatar, abin da 'yan Najeriya ke ce wa kwamfuta, murfinta ɗaure da roba. Ta ga radiyon Buba a kan tebur, ta kunna, ta toshe kunne ɗaya, ta dube ni. Na girgiza mata kai. Ta gane.

Ta ce, "Baba, an koya mana wani abu a lakwal, ina so ka duba mini ko daidai ne." Yarinyar nan ta san ubanta.

Ga yadda abin yake, ku saurara, don nan ne kuke cewa ba wuya. Kana gaya wa ordinatar abin da kake so ya wuce da abin da kake so a tsare. Ita kuma sai ta yi ta gwadawa a cikin cikinta, wannan bobin da wancan kondo, ta canza, ta sake, abin da mu za mu shekara muna yi da hannu. In ta gama ta ba ka wanda ya fi. Bintu ta danna, ta ba mu amsa tun shayi bai huce ba. Malam ya sa tabarau ya karanta lambobin. Ya ce, "Kyakkyawar rariya ce. A ina ake sayar da waɗannan?" Ba ɗaya da ake samu a Gure. Wani ma ko a Kano sai an yi sa'a.

Bintu ta ce ai ana iya gaya mata ta zaɓa daga abin da muke da shi kawai. Sai na shiga ɗaki na ɗauko gwangwanin madarar da nake tara kondo, na juye a faifai. Ina ɗauka ɗaya ɗaya ina karanta lambar, har da harafina mai jela, tana rubutawa. Wanda kansa ya kumbura Malam yana ture shi gefe, don kondon da ya sha zafi lambar jikinsa ƙarya take yi, ordinatar kuwa duk abin da aka gaya mata yarda take. Da ta zo kan bobin ta nemi naɗi mai yawa ƙwarai. Na ce da wace waya? In siririya ce za ta yi zafi ta shanye wa Buba batir kafin labaran yamma, in mai kauri ce sandar ba za ta ɗauka ba. Bintu ta auna wayar fankar da nake da ita, ta gaya mata. Ordinatar ta sake lissafi, ta raba aikin gida biyu, bobin biyu ƙanana da kondo a tsakani da wani a ƙarshe. Malam ya daɗe yana kallon zanen. Ya ce, "Tankaɗe biyu. Abin da ya tsere wa na farko, na biyu ya kama." Na zauna na naɗa su a ranar.

Ranar kasuwa Buba ya zo da hantsi. An fitar da farantin rana, an haɗa komai yadda yake a rugarsa, da tsohuwar rariyar Malam a jiki tukuna. Ni ina bakin labule da sabuwar a hannu. Bintu ta matso da ordinatar kusa da radiyon, ta buɗe wani abu da ke zana sauti. Mai labarai yana magana, a gefen hagu wasu tuddai suna tashi suna sauka tare da muryarsa, kamar tuddan yashi. Can gefen dama kuwa, inda ba komai, wani siririn layi ya miƙe tsaye shi kaɗai, ba ya motsi.

Malam ya sa yatsa a kai. Ya ce, "Wannan fa?"

Bintu ta sunkuyar da kai.

Ya juya wajen Buba, yana jira. Duk wanda ke zauren ya san nan ne Buba zai ce ga sauronka, Babarbare. Buba ya cire malfarsa ya ɗora a gwiwa, yana kallon ƙasa. Tun da nake ban taɓa ganin bakin mutumin nan a rufe ba.

Malam ya miƙa hannu ya zare wayar sola, ya bar radiyon a kan ƙananan batir nasa. Layin ya ɓace. Ya mayar, layin ya miƙe. Ya zare, ya mayar. Sannan ya rufe ido ya karkata kai yadda ya saba, ya daɗe. Ya buɗe ido, layin yana nan.

Bai juyo ba ya ce mini, "Kina jin sa?"

Na ce, "Ina ji, Malam."

"Na radiyon mutanen da suka daina zuwa ma?"

"Su ma."

Mai labarai ya ci gaba da maganarsa, ba wanda ke saurare. Malam ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Can sai na ga kafaɗarsa na motsi, na ɗauka wani abu ne, ashe dariya ce ke taso masa a hankali.

Ya ce, "Ashe rariyar ta shiga kunnena. Tsaki na wucewa, gari ya tsaya." Ya dubi Buba. "Kai kuma, munafukin Bafillace, ranar da ya kamata ka yi magana ka yi shiru."

Buba ya ce, "Na faɗa maka, ka ce a kaina yake."

"Wa ke yarda da maganar mai bin saniya? Kawo, Iyan yara."

Na miƙa masa sabuwar. Ya haɗa ta, dalmar ta kwanta sumul kamar kullum. Aka kunna. Layin ya faɗo ƙasa sosai, amma ɗan kansa na leƙowa, ni ma ina jin sa kaɗan. Bintu ta ce a lissafi ya kamata ya ɓace duka. Malam bai rufe ido ba wannan karon. Ya zuba wa layin ido, ya ce ƙafafun kondon sun yi tsawo, kuma bobin biyun suna kwance gefe da gefe suna raɗa wa juna. Ya datse ƙafafun, ya juya ɗaya bobin ta ba ɗayar kafaɗa. Muna kallo layin ya nutse cikin ƙasa. Bintu ta tafa hannu ta ce, "Baba, wannan ba a gaya mana ba, tsaya in rubuta!"

Malam ya ɗago kai. Bai ce tas ba. Ni ya duba.

Na saurara sosai, don yanzu ba wasa. Muryar mai labarai ce kawai, yana cewa an ga hadari ta gabas. Na ce, "Ya tafi."

Buba ya mayar da malfarsa, bakinsa ya dawo. Ya ce, "To alhamdu lillahi. Gida guda, mutum uku, kunne ɗaya. Haka Barebari suke." Ya ɗaure kayansa a jaki yana ta faɗa wa mutanen hanya cewa bawansa ya warke.

Da yamma Bintu ta ce hutunta na ƙarewa, kuma ordinatar ɗin dole ta koma da ita. Malam ya ce ya sani. Maganar kwari da dabino bai tayar ba, ni ma ban tambaya ba.

Washegari da safe, da na gama ɗumame na share tsakar gida, na ɗauki 'yar kujerata da faifan waya da gwangwanin kondo. Tun da aka kawo ni gidan nan a bayan labule nake naɗi. Na ɗaga labulen na shiga zaure. Malam yana zaune ya buɗe bayan wani radiyo. Ya dubi kujerar, ya dube ni. Sai ya sa ƙafa ya ture akwatin matattun fankoki gefe, wuri ya samu daidai damansa. Na ajiye na zauna. Ya haɗa wayoyinsa, ya kunna, ya juyo yana kallon fuskata.

Na ce, "A ƙara naɗi kaɗan, Malam."

Ya miƙo mini sandar.